Ƙibar da Muka Yi Ta Yabo

Shekarar da na yaye 'yata ta fari muna haya a unguwar Barunde, a ɗakin da zogale ya yi wa inuwa. Idan na tuna damunar nan, kamar ta bayan labule nake hango ta: ƙamshin ƙasa, tururin koko, da yarinyar zaune a tabarma shiru.

Koko kawai nake ba ta, safe da rana. Ni kuwa gwanar tata ce, sai na tace gasara sau biyu har ta yi sumul, wai kada cikin yarinya ya wahala. Kumatunta suka cika, ƙafafu suka yi ɓul-ɓul. Duk wanda ya shigo sai ya ce, "Tubarkalla, lukuta!" Ni kuma kaina ya yi ta girma. Ta daina tafiya, na ce nauyi ne. Ta daina ƙiriniya, na ce haƙuri ta gado.

Maƙwabciyata wata dattijuwa ce, Batangala a ƙabila, tsohuwar ma'aikaciyar jinya. Wata la'asar ta dawo daga coci, ta tsaya tana kallon yarinyar. Ta durƙusa, ta danna bayan ƙafarta da babban yatsa. Da ta ɗaga, gurbin yatsan ya zauna kamar a tuwo.

"'Yata, wannan ba ƙiba ba ce, kumburi ne," in ji ta. "Ɗauko mayafinki."

"Mama, ai tana ci," na ce.

"Tana ci, amma ba abin da ke gina jiki. Mu je."

Kwana tara muka yi a asibiti. Kunya ta ishe ni, tsoro kuma ya fi kunyar, don na ga gadon da ke kusa da namu ya wayi gari babu kowa.

Da muka dawo, Mama ta koya mini soya waken suya da gyaɗa a niƙa da gero, a dama kunu, a zuba garin zogale, a murmusa ƙwai. Kumburin ya saɓe, yarinya ta koma 'yar firit, masu yabon da suka koma yi mini jaje.

Wata hantsi ina ba ta kunun, na tsaya sauraron kurciya a kan katanga, cokali a hannuna. Sai na ji an kai mini duka a gwiwa. Yarinyar ta fizge cokalin, ta tsala ihu don na yi jinkiri. Na zauna a wurin ina kuka, ita kuma tana ta ci.