Ranar da na goge cikin injin jirgin lokotoro

Da ana mayar da hannun agogo baya, da ban taɓa cikin injin nan ba. Har in koma ga Allah ba zan manta da ranar ba.

Lokacin ina gyaran injinan ban-ruwa na masu albasa a Madawa. Akwai wani lokotoro, wato likita, Kirista ɗan Adar, da ke aiki a asibitin mishan. Yana da ƙaramin jirgin sama na wasa mai tashi da mai. Wata tara yana jiran sabon injinsa daga waje, ɗan abu kamar ƙwan kaza. Da ya iso, sai ya kawo mini don in ƙera masa mazauni kawai.

Bayan tafiyarsa na juya farfelar, na ji piston, ƙarfen da ke hawa da sauka cikin silinda, yana cijewa a sama. Na ce a raina, masu ƙira sun yi kuskure. Na kwance shi, na sa takarda mai yashi na goge cikin silindar har ya saki. Ina ta jin daɗin kaina!

Washegari da ya dawo muka yi ta bugu, injin ko tari bai yi ba. Lokotoro ya juya farfelar da yatsa ɗaya, ta wuce sumul, ba cijewa. Ya dube ni. Na so in ce haka ya zo, amma bakina ya ƙi.

"Ni na goge shi, Lokotoro."

Ya yi dariyar da ta fi kuka ciwo. "Haba Baba! Ka yi wa mai lafiya tiyata."

Maimakon ya tafi, ya zauna bisa bencina. Ya nuna mini farin shafen ƙarfe da na kankare, siriri bai kai ɓawon albasa ba. Ya ce da gangan aka matse saman, in ya yi zafi zai buɗe. Sabon inji rodaj yake so: mai wadatacce, gudu kaɗan, a kashe ya huce, a sake.

Da wani injin ya iso bayan shekara, ni ya kira na riƙe jirgin muka yi masa rodaj tare. Allah ya saka masa da alheri.

Ina roƙonku, in sabon abu ya cije a hannunku, kada ku yi irin nawa. Ku tambayi mai shi kafin ku gyara.