Murfin da Boukari Ya Goge

Duk unguwar Asawase an san tukunyar dalma ta Boukari. Shekara talatin da zuwansa Kumasi daga Tawa ta Nijar, ba murfin da ya zuba bai danna sunansa a cikin yashin zubin ba: Boukari Tawa, da ajami. Mata kan shafa sunan kafin su taya.

Ɗansa Muniru a gindin wutar nan ya tashi, ya yi boko har jami'a. Yaro ne mai kai, sai dai tsoro ya yi masa yawa, wannan kam ba zan rufa masa ba. A ƙarshen 1969 jami'ar ta buɗe gurbi ɗaya na digirin dakta a binciken ƙarafa, na 'yan ƙasa kawai. A lokacin ne kuma gwamnati ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fita. Boukari kuwa bai taɓa mallakar takarda ba.

Muniru ya zauna cika fom. Da ya zo layin garin uba, ya rubuta Bawku, wani gari na cikin ƙasar. A layin da ke ƙasa ya rubuta: ya rasu.

Binciken da zai gabatar kuwa na uban ne kaf, wato yadda tsohon ke cuɗa yashi da ƙasar suri har tukunya ta fito ba ƙofa ko ɗaya. Sai ya je neman murfi uku da zai nuna wa malamai.

"Baba, ba wanda babu rubutu a kai?"

Boukari ya dube shi. "Me ka faɗa musu a kaina?"

Muniru ya faɗa, kansa a ƙasa, yana jira a zage shi. Da ma an zage shin, da ya fi masa sauƙi. Tsohon dai ya jawo magagari, ya ɗora murfi a gwiwa, ya shiga goge sunansa. Ya gama na farko ya hure, ya ɗauki na biyu.

"Ka ce musu a kasuwa ka saya," in ji shi.

Ranar da malamai suka yi wa Muniru tambayoyi, ranar ce motar 'yan Nijar ta tashi da Boukari. Muniru bai je rakiya ba. Ya sami gurbin, Zongo, unguwar baƙi, ta yi ta murna, shi kuwa kunya ta hana shi cin abinci.

A watan Maris ya sa murfin a ƙarƙashin madubin bincike. Ashe magagarin bai kai ƙasa ba, inuwar haruffan na nan. Malaminsa ya leƙa, ya ce, "Wannan gwani ne. Nemo mana shi, muna so ya koya mana."

Muniru ya buɗe baki, sai ya tuna fom ɗin yana cikin durowar malamin.

"Ya rasu," ya ce.