Muntaka Mahauci da Tsuntsayen Binuwai

Muntaka mahauci ne a kwatar Garwa. Daga Mora ya zo, bayan harin da ya yi ajalin matarsa Hamida. Bai yi kuka a ranar ba, daga baya ma kukan bai zo ba. Yana fiɗa, yana sallah, yana cin abin da aka miƙo masa. In abokan aiki suka fashe da dariya, sai ya bi su da ido kawai.

Dokta Viviane ce likitar dabbobi mai duba nama a kwatar. Kullum in ta gama, sai ta ɗauko madubin hangen nesa ta tsaya kallon 'yan ungulayen da suka rage a kan rufi. Wata rana ta tare shi yana wanke wuƙaƙe.

"Malam Muntaka, ranar Lahadi akwai gasar kallon tsuntsaye. Ƙungiyar da ta ga iri mafi yawa ita ta ci. Mai ɗaukata ba shi da lafiya, kai kuma kana da babur."

"To," ya ce. Da kasuwar Pitowa ta ce ya kai ta sayen albasa, amsar ke nan.

Ranar Lahadi da safe suka gangara bakin kogin Binuwai. Ita tana leƙe-leƙe, shi yana zaune kan babur. Can ta miƙo masa madubin. Ya ɗora a ido, bai ga komai ba sai farin sama.

"Fara samo tsuntsun da idonka," ta ce. "Sannan ka ɗago madubin, kada ka motsa kai."

Ya sake gwadawa. Sai ga zalɓe a tsakiyar yashi, kusa kamar ya taɓa shi, iska tana ɗaga gashin wuyansa.

"Me yake yi?" ta tambaya.

"Yana tsaye."

Zalɓen bai motsa ba, shi ma haka. Sai da ta taɓa masa kafaɗa, ta ce sauran masu gasar sun yi gaba.

Ba su ci ba. Ƙungiyar wani malamin makaranta, Philippe, ita ta lashe. Viviane ta yi ta mita a hanya. Muntaka ya ji ta kamar rediyon maƙwabci. Da ya sauke ta, ta ba shi aron tsohon madubinta mai tsaga a ido ɗaya.

Tun daga nan, in an tashi daga kwata, bakin kogi yake nufa. A hankali ya koyi rarrabe kirinjijiya da ɗinya tun daga nesa. Malum, wanda suke fiɗa tare, ya bi shi sau ɗaya don ya ga abin da ke can.

"Yanzu kai daɗi kake ji a nan?"

Muntaka ya sauke madubin. "Ban sani ba," ya ce.

Malum ya gaji ya tafi. Da damina ta yi nisa, ruwa ya shanye yashin, tsuntsayen suka canza wuri. Muntaka ya ci gaba da zuwa, yana zama a kan gaɓa har la'asar ta yi sanyi.