Buhun da Ba a Leƙawa

Maigidana mushen lakwal ne, wato malamin makaranta, a Bande, amma in kaka ta yi sai ka rantse ɗan kasuwar wake ne. Yakan sayi wake lokacin da yake araha, ya zuba a buhunan nan masu leda biyu a ciki, ya matse iska, ya ɗaure kowace leda da kansa yana cije leɓe. Daga nan sai doka ta hau kan kowa a gidan: ba a buɗewa, ba a leƙawa, sai bazara. In iska ta shiga, ƙwari sun samu rai, wake ya zama gari. Ko kusa da ɗakin ka gifta sai ya yi gyaran murya.

Shekarar da ɗiyarmu ta fari ta shiga kwaleji, ya je banki a Damagaram ya saya mata hannun jari a wasu kamfanoni, da ribar waken da kuɗin adashena. Muka yi alkawari ba mai taɓawa sai ta ci bak, jarrabawar ƙarshen sakandare, don da shi za ta yi iniversite. Ba mu da wani tanadin bayan wannan.

Matsalar ita ce farashin yana fitowa a waya. Mutumin da ke iya haƙuri da buhu wata da watanni, sai ga shi yana duba waya kafin ya kurkure baki. In ya hau, a sayo tsire. In ya sauka, miyata ce ba gishiri. Na yi ta ɗaukar laifin mutanen kasuwar hannun jari ta Abijan da ban taɓa gani ba.

Wata shekara farashin ya yi ta zubewa. Ran kasuwar Magarya ya dawo a kan babur, fuska a murtuke, wai wani abokinsa ya sayar da nasa hannun jarin kaf.

"Gobe zan sayar," ya ce. "Gara mu tsira da saura."

Ni kuwa na san in kuɗin nan ya shigo gida, biki da suna za su cinye shi kafin yarinyar ta gama kwaleji. Ban yi musu ba. Na tashi na shiga ɗakin wake, na kama igiyar buhu ina kwancewa da ƙarar da zai ji.

Ya shigo da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa. "Ke! Lafiyarki?"

"Dubawa kawai zan yi, Malam. Na ji an ce wake ya faɗi a Danciyawo."

"To in ya faɗi yau, yau muka ce za mu sayar?"

Na tsaya ina kallonsa, igiya a hannu. Ya karɓi igiyar ya sake ɗaurewa tamau, yana gunaguni wai mata ba su da tsoron Allah. Bai sayar ba. Bai daina leƙen wayar ba kuma, sai dai ya koma yi a ɓoye, a bayan gida. Farashin ya daɗe a ƙasa kafin ya fara rarrafowa, har ni ma na sha yin shakka ban faɗa masa ba.

Bana yarinyar ta ci bak. Muka zauna a tabarma za a ba banki umarnin sayar da kason farko, tana tsaye a kanmu da takardunta. Ya daɗe yana kallon wayar, sannan ya miƙo mini.

"Ke kwance mana buhun," ya ce.