Ranar da Munka Kife Tukwane a Ƙofar Lakol

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, huɗu ga watan Nuwamba, bayan la'asar, ina sussukar gero Saudatu ta aiko mini cewa mijinta Alhaji Rabilu Gado, tsohon magajin garinmu, ya cika. Kwana tara ya yi kwance. Na ajiye taɓarya na tafi.

Rabilu, ni ce Lami, taubashiyarka, ɗiyar gwaggonka. Safiyanu mai aikin rediyo ya ce in rubuta abin da na sani ya karanta wa mutane. Na ce mishi ni ban iya kuka a takarda ba, kuma ba zan ce kai waliyyi ne ba. Hanyar kasuwar Gidan Rumji da ka yi mana alkawari, har yau amalanke na kafewa a cikinta. Amma akwai rana guda da ka yi abin da ban ga wani mai mulki ya yi ba, ita zan faɗi.

Shekara bakwai ke nan. Manyan ƙasarmu da na Najeriya sunka shirya zama a garinmu kan burtali, hanyar da shanun Fulani za su riƙa bi daga can su haura arewa ba tare da sun shiga gonaki ba. Zaman kwana uku, a cikin lakol, makarantar bokon garinmu. Ba wanda ya kira mace ko guda, sai dai anka ce mu ne za mu yi wa baƙi tuwo da fura.

Ranar farko na je gamanata, ƴar gonata, tsinkar yakuwar miyarsu, sai na ga jan fenti, alamar burtali, a jikin gawona. Wagga gamana ita kaɗai mijina Malam ya bar mini da ya rasu, da ita nake ci. Na bi fentin da ƙafa. Ya ratsa gamanar mata goma sha ɗaya, bakwai cikinmu mazanmu sun mutu. Da na kai ƙarshe sai na ga dalili: hanyar ta taho miƙe tun daga iyaka, da ta iso bakin gonarka sai ta karkace ta faɗo kanmu.

Na aika maka. Ka ce a gaya mini in yi haƙuri sai baƙi sun tafi, kar a kunyata gari. Na san in sun tafi sun riga sun sa hannu.

Washegari ba mu hura wuta ba. Munka ɗauki tukwanen, munka kife su a ƙofar lakol, kowace ta zauna kan tata. Ba ihu, ba zagi. Kafin azahar mun kai mu arba'in, har da waɗanda fenti bai taɓa ba. Wani mai babbar riga da ya zo daga birni ya fito yana kumfar baki, wai a kira jandarma su kwashe mu, a kuma karɓe na'urar Safiyanu don ya gan shi yana ɗaukar maganarmu. Ban taɓa shiga motar jandarma ba, kuma gwiwata ba ta hawa.

Sai ga ka ka fito, hula a karkace, yunwa ta kama ka. Ka dube ni, na dube ka. Ka ce wa mutumin nan ba mai taɓa uwar wani a garinka. Ka koma ciki, muna ji ta taga kana gaya wa baƙin Najeriya cewa masu abincinsu na zaune waje kan tukwane, kuma babu tuwo sai an ji ta bakinsu. Ka sa anka shimfiɗa mana tabarmi a tsakiyar ɗakin. Ka ɗauko kujerarka ta buro, wato ofis, ka ba Safiyanu, ka ce ya zauna gaba inda na'urarsa za ta ji da kyau.

Shi kuwa bai raga maka ba don ka ba shi kujera. Ya miƙo maka na'urar har bakinka ya ce: "Ranka ya daɗe, me ya sa burtalin ya kauce wa gonarka?"

Na zaci za ka ce masu awo ne, don su ɗin ne sunka yi maka kara. Sai ka ce: "Na ga zanen tun shekaranjiya, na ji daɗi, na yi shiru. Ban kyauta ba. A miƙe shi."

Shugaban baƙin, wani dattijo mai farin gemu, ya yi dariya har da hawaye. Ya ce su ma can suna da irinmu, Allah ya taimake shi ba su ji labarin tukwane ba tukuna. Ardon Fulani ya ce shanu ma sun fi son miƙaƙƙiyar hanya. Nan take anka gyara zanen. Burtali ya cinye kashi ɗaya cikin uku na gonarka. Mu tara ba a taɓa mu ba, biyu da anka ɗan yanki gefensu ka cika musu daga abin da ya rage maka. Munka tashi munka ɗora tuwo, baƙi sunka ci kusan magariba, ba wanda ya rage ko loma. Furar dai na hana, don raina bai gama hucewa ba.

Kwana uku rediyo na maimaita muryarka tana cewa ban kyauta ba. Har kasuwar Cadakori ana kwaikwayonka. Wasu manya sunka ce ka zubar da girman kujera. Kai ko a jikinka. Tun daga ranar ba ka sake kirana Lami ba, sai Mai Tukunya, ni kuma in ce Mai Karkataccen Burtali. Ko ranar Lahadi da na je duba ka, da ƙyar kake magana, sai da ka tambayi Saudatu ko na zo da tukunyata.

Jiya a sadakar uku, shanu na saukowa kudu ta cikin tsohuwar gonarka. Wasu Fulani sunka tsaya yin gaisuwa, sunka sauke ƙwarya huɗu ta nono. Ni kuma na daka geron gamanata, na bana, dami ashirin da biyu na samu. Na dama furar nan da na hana baƙinka. Duk wanda ya zo ya sha, har da mutum biyu daga cikin waɗancan baƙin, da sunka ƙetaro iyaka don kai. Ɗayansu ya ce shekara bakwai yana jiran ta.

Saudatu, Muhammad Awwal, Safina da sauran ƴaƴa da jikoki, Allah ya ba ku haƙuri, ya ba mu duka. Ubanku ya yi kuskure gaban mutanen ƙasa biyu, ya faɗa da bakinsa, ya gyara da gonarsa. Ku riƙe wannan.

Allah ya jiƙanka, Rabilu. Ya yafe maka abin da munka sani da wanda ba mu sani ba, ya yalwata kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Ni dai na yafe tun ranar. Yadda ka miƙe mana hanya, Allah ya miƙe maka taka. Amin.

Lami Mai Tukunya