Ranar da Na Goge Laftof ɗin Rahila

Kafin a fara nuna ni da baki a Kafanchan, ni mai gyaran waya ne kawai, da ɗan teburina kusa da tashar jirgin ƙasa. Babana malamin firamare ne da ya yi ritaya, kuma dattijo a majami'armu. Ban taɓa kwana da yunwa ba. Na faɗi haka ne don kada wani ya ce talauci ya tura ni.

Abin ya faro daga wata ƙaramar laftof mai araha da na saya. Nauyi gare ta, sai ka kunna ka gaji da jira ba ta buɗe ba. Na ji labarin Linux, manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, kyauta ce, kuma ba ta wahalar da ƙananan na'urori. Na sauke ta a filas, ɗan abin ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta, na yi ta gwadawa. Yau sauti ya ɗauke, gobe ta ƙi kama intanet, har dai na gano kanta. Malamai da ɗalibai suka fara kawo mini nasu, ni kuwa kaina ya fara girma.

Wata rana wani mai sayar da kayan gwanjo a Kaduna, ana ce masa Oga Danladi, ya kawo mini ɗaya. Ya ce mai ita ya manta lambar sirrin buɗewa. Na gaya masa in na sa Linux komai na ciki zai tafi. Ya yi murmushi, ya ce abin da yake so ke nan. Bayan mako ya dawo da wasu a jakar buhu, babu caja, an kankare sunayen da ke jikinsu. Na gane na sata ne. Na ce wa kaina ai ni ban shiga ɗakin kowa ba, aikina kawai nake yi.

Da tsoro ya fara kama ni, na ce masa zan daina. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Ƙanena, duk wadda aka goge, da hannunka aka goge. In na faɗi, tare za mu faɗi. Kuma na san kujerar da babanka yake zama a coci."

Daga ranar ban sake samun sukuni ba. In babur ya tsaya gaban teburina sai in ɗauka shi ne. In na kashe waya, sai in same shi a ƙofar gidanmu yana gaishe da Mama. Na yi tunanin gudu, amma ina zan bar iyayena?

Wata Asabar da rana ya kawo wata ƙarama, ya zauna a benci yana cin gyaɗa. Na kunna ta daga filas, abin da ke ciki ya fito. Hotunan Rahila ne, yarinyar da ke ƙungiyar mawaƙa a cocinmu. Mahaifiyarta gwauruwa ce, cittar da ta noma ta sayar ta saya mata laftof ɗin. Ga aikin bincikenta na shekarar ƙarshe a makarantar jinya. Lahadin da ta wuce Fasto ya sanar an sace laftof ɗin, aka yi addu'a, har da ni cikin masu cewa amin.

Na ce wa Oga Danladi wannan ta 'yar cocinmu ce. Bai ko ɗago kai ba, ya ce to in kai mata, in gaya mata inda na samu. Na iya kwafe aikin nata in ajiye, kuma na yi tunanin haka. Amma na ji tsoron tambayar da za ta biyo baya. Manhajar ta tambaye ni ko in goge komai, na danna. Rahila ta maimaita shekara.

Lambar da ke ƙarƙashin na'ura ba ta goguwa, ta nan aka bi sawu har zuwa kan Oga Danladi. Da 'yan sanda suka kama shi, sunana ya fara ambata. Kotu ta tura ni gidan yari, inda muke kwana a gefe ɗaya don babu wurin juyawa. Da Baba ya zo, bai yi faɗa ba. Ya daɗe yana kallona ta tagar ƙarfe, sannan ya ce, "Har ta Rahila, kai ne?" Na ce ni ne. Daga baya na ji ya ajiye dattijancinsa a coci.

Da na fito na je gidan su Rahila. Na tarar da mamanta tana shanya citta, na durƙusa. Ta ce ta yafe saboda Yesu, amma shekarar 'yarta ba za ta dawo ba. Rahila tana ɗaki, ba ta fito ba, ban kuma ga laifinta ba.

Matasa, musamman ku masu hannu a kan na'ura, ku koyi aikin, yana da kyau. Amma in an kawo muku abu zuciyarku ba ta kwanta da shi ba, ku tambayi mai shi waye, ku mayar tun a karon farko. Ni a karon farkon nan ne kaɗai nake da ikon cewa a'a, kuma ban faɗa ba.