Gizo-gizon da Inna Ta Nema

Shekarar da Inna ta dawo wurina a Mafara, ina fama da wani labari da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Da safe in koyar da kimiyyar halittu a makaranta, da la'asar in zauna ƙirƙirar wata ƙasa mai manyan gizo-gizo masu cin mutane. Ni kuma da taurin kai, na ce lallai sai dabbar ta zama wadda za ta iya rayuwa da gaske.

Nan wahalar take. Gizo-gizo ba shi da ƙashi, ɓawo ke riƙe da shi kamar fara. In ya kai raƙumi, ƙafafunsa su karye. In ya kai bijimi, numfashi ya gagare shi. Ranar da zai yi saɓa kuwa, nauyinsa kaɗai ya isa ya murƙushe shi. Haka na yi ta rage shi har ya dawo kamar tunkiya, na kai shi bakin dam ya riƙa saɓa cikin ruwa. Wallahi na gaji da dabbar nan kamar ni ke ba ta dusa.

Inna ce mai saurarona tun ina yarinya. Amma tun ranar da 'yan bindiga suka tashi ƙauyenmu na wajen Maradun, ta yini ɓoye cikin rumbu tana jin takunsu, magana ta yi mata wuya. Karatun nan kaɗai ke sa ta ɗago kai, shi ya sa nake tsoron ta daina ji.

Wata rana na karanta mata inda mafarauta suka cinna wa gizo-gizon wuta. Ta ajiye carbi.

"Mi ya yi maki, ɗiyata? Abin da ya yi saƙa bakin kogo ya rufa wa Fiyayyen Halitta asiri, shi za ki mai da dodo?"

A gidanmu dama ba a kashe shi, da faifai ake ɗauka a kai waje. Na ce, "Inna, labari ne kawai." Ta juya fuska bango. Kwana da kwanaki, da na ɗauko takardu sai ta ce kanta ke ciwo. Raina ya ɓaci, na yi ta ƙunƙuni a madafa, ita kuwa ko a jikinta.

Da na gaji, na sake labarin. Gizo-gizon ya bar cin mutane, ya koma toshe bakin kogo da saƙa in mahara sun biyo matan gari. Inna ta saurara har ƙarshe, sannan ta tambayi girmansa. Na ce kamar tunkiya, na soma yi mata bayanin ɓawo da numfashi.

"Ya yi kaɗan," ta ce. "Rumbu guda zai rufe. Maƙwabtana fa?"

Maƙwabtan nan ba su tsira ba ranar da ta ɓuya cikin rumbu. Na san ƙafafun za su karye, ni da bakina na koya wa ɗalibai haka. Na ɗauki biro na soke tunkiya, na rubuta cewa in ya tsaya, gari duka yana ƙarƙashin cikinsa.